Zariya: Haya Da Araha, Zama Da Tsada

An daɗe ana yi wa Zariya shaidar gari mai sauƙin zama. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kaduna ko Kano, balle Abuja, ya kan yi murna idan ya ji abin da za a karɓa a hannunsa na hayar ɗaki ciki da falo a Tudun Wada ko Samaru, domin kuwa bai kai abin da ya saba biya ba. Amma kafin shekara ta zagayo sai ya tarar albashin nan dai bai kai shi ƙarshen wata ba, kamar yadda ba ya kai shi a can inda ya baro.

Dalili kuwa shi ne, abin da mai gida ke karɓa kashi ɗaya ne kawai daga cikin kuɗin zama a gida. Sauran yana wurin mai ruwa, da mai keke Napep, da mai man janareto, da mai kantin magani. Waɗannan ba su zuwa da takarda sau ɗaya a shekara kamar mai gida. Kullum suke karɓar nasu, kaɗan-kaɗan, har ya zamana ba a cika sa su cikin lissafi ba. Duk wanda ke son ya san gaskiyar tsadar gidaje a Zariya, tilas ne ya haɗa su duka wuri ɗaya.

Yadda Garin Ya Warwatsu

Zariya ba dunƙulallen gari ba ne. Akwai Birni, wanda ganuwa ta kewaye shi, da ƙofofinsa irin su Ƙofar Doka, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Kona. A nan yawancin gidaje na gado ne, kaka da jika a cikin gida ɗaya. Bayan zuwan Turawa, da isowar hanyar jirgin ƙasa wadda ta kai Kano cikin 1911, sai aka kafa Sabon Gari a kusa da tasha domin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga Kudu, aka kuma kafa Tudun Wada domin baƙin da suka zo daga sauran lardunan Arewa. Turawa suka keɓe wa kansu unguwa dabam. Can kuma a kan hanyar Funtuwa aka buɗe gonar gwaji a Samaru, wadda a kewayenta ne Jami'ar Ahmadu Bello ta tsiro cikin watan Oktoba na 1962.

Watau tun asali an shimfiɗa garin ne kashi-kashi, da gonaki da fadamu a tsakani, ga kuma kogin Kubanni ya ratsa ta tsakiya. Daga Birni zuwa Samaru ya fi kilomita 10. Babban asibitin koyarwa na jami'a, wanda dā yake Tudun Wada, ya koma Shika cikin 2005, can gaba da Samaru. Gonakin da ke tsakanin waɗannan sassa su ne aka yi ta yankawa ana sayarwa, har Hanwa, da Kwangila, da Palladan, da Zango, da Hayin Dogo suka haɗe suka zama gari. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, idan an haɗa su, suna da mutane kusan 700,000, ga shi kuwa an ɗauki shekaru masu yawa tun daga lokacin ana haihuwa ana kuma shigowa.

Masu Nema Sun Fi Ɗakuna Yawa

Da wuya a sami gari mai girman Zariya a Arewa wanda ya tara makarantu da ma'aikatun Gwamnatin Tarayya kamar ta. Ban da jami'a da harabarta biyu, ta Samaru da ta Kongo, akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa cikin 1964, da makarantar horon manyan malamai da ta soma cikin 1962, da Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Cibiyar Nazarin Harkokin Sufuri a Basawa, da barikin horar da kuratan soja, da Kwalejin Barewa, da Alhudahuda. Kowace daga cikinsu tana jawo malamai, da ma'aikata, da leburori, da ɗalibai, kowa kuwa yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa.

Ɗakunan kwanan da manyan makarantun nan suka gina ba su isar ɗalibansu, saboda haka dubbai ke fita neman ɗaki a Samaru, da Bomo, da Zango, da Gyallesu, da Tudun Wada. Wannan ya sauya yadda ake gina gidan haya a unguwannin. Mai fili ya gane cewa idan ya jera ƙananan ɗakuna, kowane da bayan gidansa a ciki, ɗalibai biyu ko uku za su haɗa kuɗi su biya shi fiye da abin da magidanci zai iya biya. Sai ya zamana malamin firamare mai mata da 'ya'ya huɗu yana takara da samarin da iyayensu ke aiko musu da kuɗi daga Abuja ko Legas. A irin wannan takara kuwa an san wanda ke faɗuwa.

Bugu da ƙari, tun wajen shekarar 2019 da ta'asar 'yan bindiga ta yi tsanani a ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da maƙwabtansu na Jihar Katsina, jama'a da yawa sun baro gonakinsu sun shigo gari. Wasu sun raɓa wurin dangi, wasu sun kama haya. Harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli cikin watan Yuni na 2021, inda aka sace malamai da ɗalibai, ya ƙara sa mazauna bakin gari tunanin matsowa ciki. Duk wannan nauyi a kan ɗakunan da ake da su ya sauka.

Daga Tubali Zuwa Bulo

Zazzau ta yi suna a kan gini. Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, har ƙasashen waje ana koyar da tsarinsa a makarantun zanen gine-gine. Gidan talaka ma a wancan zamani da kayan gida ake yin sa: jar ƙasa daga kududdufi, tubali, azara ta giginya, makuba domin yaɓe, indararo domin zubar ruwa. Dangi da maƙwabta su taru su yi gayya, magini ya ɗora. Irin wannan soro yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu. Abin da yake nema shi ne kulawa, watau yaɓe kafin kowace damina. Ruftawar wani sashe na masallacin nan cikin watan Agusta na 2023, wadda ta yi sanadin rasuwar masallata, ta tuna wa jama'a cewa tsohon gini yana bukatar ido a kansa kullum.

Yau kuwa wanda zai gina gida bulo yake nema, da siminti, da rodi, da kwano, da katako, da silin. Kusan dukkansu farashinsu yana bin darajar Naira da kuɗin man da babbar mota za ta sha kafin ta kawo su. Cikin 2019 ana sayar da buhun siminti wajen Naira 2,600, a shekarar ne kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 30,000, watau kuɗin buhu 11. Bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023, da sakin darajar Naira a watan da ya biyo baya, buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024. Da Gwamnatin Jihar Kaduna ta amince da Naira 72,000 a ƙarshen wannan shekara, albashin ya ninka har fiye da sau biyu, amma abin da zai saya na siminti ya sauko zuwa buhu 7.

Wannan shi ne ya sa ko'ina mutum ya duba a bakin gari sai ya ga kangaye: gini ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a ciki, ko kuwa an rufa ɗaki ɗaya an shiga, ana jiran Allah ya hore a ƙarasa saura. Shi ne kuma hujjar da masu gidaje ke kawowa idan za su ƙara kuɗin haya. Ba dukansu ne azzalumai ba. Da yawa tsofaffin ma'aikata ne waɗanda suka zuba kuɗin sallamarsu a gini, da matan da mazansu suka rasu suka bar musu marayu, waɗanda hayar nan ita ce abincinsu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024, wannan wuta kuwa ba ta bar mai gida ba, ba ta bar ɗan haya ba.

Lissafin Ƙaramin Ma'aikaci

Masana harkar gidaje suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi, cewa bai kamata gida ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu ba. Idan aka ɗauki mai albashin Naira 72,000, abin da yake samu a shekara Naira 864,000 ne, kason gida a ciki kuwa Naira 259,200. Da a ce wata-wata ake biya, Naira 21,600 ke nan, abin da mutum zai iya daurewa. Amma al'adar da ta kafu ita ce a biya kuɗin shekara gaba ɗaya tun kafin a ba da makulli, ga la'adar dillali wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce. Ma'aikacin da ake biya bayan ya yi aikin wata, shi ake nema ya kawo kusan albashin wata huɗu a rana ɗaya. Daga nan ne bashi ke somawa, ko adashi, ko sayar da akuyar uwargida.

Da ya ga haka sai ya nufi bakin gari, inda haya ta fi sauƙi, ko kuwa inda zai iya sayen rabin fuloti ya soma nasa. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Wanda ke zuwa aiki kwana 22 a wata yana hawa abin hawa sau 44. Duk ƙarin Naira 100 a kan tafiya ɗaya ya zama Naira 52,800 a shekara, ban da na yara masu zuwa makaranta, da na uwargida idan za ta kasuwa ko awo. Litar man fetur da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 a farkon 2023 ta haura Naira 1,000 cikin watan Oktoba na 2024, masu keke da masu acaɓa kuwa a kan fasinja suka ɗora. A garin da sassansa suka yi nisa da juna kamar Zariya, abin da aka rage a wurin mai gida sau da yawa a hanya yake ƙarewa.

Maganar Ruwa

Babu abin da mutanen Zazzau suka daɗe suna kuka da shi kamar ruwa. Garin yana zaune ne a kan fā, kamar yadda duwatsun Kufena da Tukur-Tukur ke nunawa, saboda haka ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ba shi da yawa, rijiyoyi kuwa su kan ja baya ko su ƙafe da bazara. Gidan ruwa na farko an gina shi cikin 1939, aka ƙara wani cikin 1975, su biyun kuwa ƙarfinsu bai wuce lita miliyan 60 a rana ba ko da suna aiki sosai. Cikin 2008 aka ba da kwangilar sabuwar matatar ruwa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, aka buɗe ta cikin 2017, aka kuma samo rance daga Bankin Raya Ƙasashen Afirka da Bankin Musulunci domin manyan tankuna da shimfiɗa bututu.

Aiki ne babba, ba mai musun haka. Amma matata dabam, ruwa a bakin famfo dabam. Kafin ruwa ya iso gida sai an sami wutar da za ta tura shi, da maganin tacewa, da bututun da bai fashe ba, da kuma hanyar da bututun zai bi. Unguwar da aka yanka ba tare da an bar titi ba, da wuya a kai mata bututu sai an rushe katangar wani. Saboda haka 'yan garuwa da kurarsu da jarkokinsu ba su rasa ciniki ba, masu hali kuma kowa ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa lita 20 a rana ita ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata domin sha da girki da 'yar tsafta. Gida mai mutum shida yana bukatar lita 120, watau kamar jarka 5 mai cin lita 25. A shekara jarka 1,825 ke nan. Ko da a ce Naira 50 ake sayar da kowace, kuɗin ya kama Naira 91,250, fiye da albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Wannan haya ce ta biyu wadda ba a rubuta ta a takardar yarjejeniya ba. Inda babu kuɗin kuwa, yara mata ne ke biya da lokacinsu, su yi sammako da bokiti a bakin rijiya, su isa makaranta a makare.

Kwata, Masai Da Lafiya

Yawancin sababbin unguwanni ta hanyar awon igiya aka same su. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kafa turaku, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki. Domin a sami fuloti da yawa, sai a matse hanya ta zama lungu, ba a bar filin makaranta ba, ba na asibiti, ba na magudanar ruwa. Zariya kuwa tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta. Idan ya sauko bai sami hanya ba, sai ya bi ta tsakar gida, ya jiƙa gindin katanga, ya kwanta a lungu ya zama gidan sauro.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowane magidanci ya sani. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Cikakken fuloti, mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, tsawonsa duka kusan mita 30 ɗin ne. To, ina ga rabin fuloti, wanda aka haƙa rijiya da masai a cikinsa, ga kuma na maƙwabci a bayan katanga? Da damina, idan ƙasa ta ƙoshi da ruwa, abin da ke cikin wannan rami yana iya tsiyayewa zuwa wancan. Ta nan ne zazzaɓin taifot da amai da gudawa ke shiga gida. Kuɗin allura da ƙarin ruwa, da kwanakin aikin da aka rasa ana jinya, duk cikin kuɗin gidan suke, ko da yake ba wanda ke kiransu da wannan suna.

Wutar lantarki ma haka take. A sababbin unguwanni sau da yawa mazauna ne ke yin karo-karo su sayi falwaya da waya, wani lokaci har da taransifoma, sa'an nan su zauna jiran wutar. Tela da mai walda da mai markaɗe da ke aiki a gida sai sun sayi mai kafin su sami na cefane.

Abin Da Aka Gwada A Baya

Matsalar ba sabuwa ba ce, gwamnatoci kuma ba su zauna haka nan ba. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo a biranen ƙasar nan, har Gwamnatin Soja ta kafa kwamitin bincike cikin 1976, jihohi suka yi dokokin ƙayyade haya da kotunan sauraron ƙara. Dokokin ba su yi tasiri ba, domin inda mutum goma ke neman ɗaki ɗaya, babu wanda zai kai mai gida ƙara. Shirin Raya Ƙasa na Uku, daga 1975 zuwa 1980, ya yi alkawarin gidaje 202,000, amma abin da aka gama bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudura gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, ita ma ba ta cim ma ko rubu'in abin da ta nufa ba, wasu gidajen kuma an gina su nesa da gari inda babu ruwa babu mota.

Cikin 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake yankar kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci domin ya sami rancen gina gida da ruwan kashi 6 cikin 100 ta hannun Bankin Ba Da Rancen Gidaje na Tarayya. Amma banki ba ya ba da rance sai da jingina, jinginar da yake karɓa kuwa ita ce takardar mallakar fili ta gwamnati. Dokar Amfani Da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna, shi ke ba da takardar, sai kuma da yardarsa ake sayarwa ko jinginarwa. Mai fulotin awon igiya, wanda ba shi da komai sai takardar mai unguwa, an yanki kuɗinsa shekara da shekaru amma ƙofar rancen a rufe take gare shi. Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADGIS domin ta tattara bayanan filaye a kwamfuta ta kuma sauƙaƙa ba da takardu, sai dai aikin shigar da tsofaffin unguwannin awon igiya cikin tsari yana da yawa ƙwarai.

Ina Mafita?

Abin da shekarun nan 50 suka nuna shi ne, gidajen da jama'ar Zariya ke ciki su da kansu suka gina su, bulo ɗaya bayan ɗaya, kuma haka za su ci gaba da yi. Abin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba shi ne titi, da babban bututu, da magudana, da filin makaranta. Wannan shi ne aikin hukuma, kuma ya fi araha idan an yi shi tun fili yana gona. Kuɗin da za a gina wa mutum 200 gidaje da shi zai isa a auna wa dubbai fuloti, a fitar musu da hanyoyi, a kai bututu bakin layi. Tun ran gini, ran zane.

Hukumar KASUPDA mai kula da tsara birane, da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da Giwa, da hakimai da dagatai na Masarautar Zazzau, suna iya haɗa kai a kan ƙa'ida ɗaya: kada a sa hannu a cinikin gonar da za a yanka sai an ga taswirar da ta bar hanya da magudana da filin jama'a. Manyan makarantu kuma suna da filaye masu faɗi. Idan suka ba 'yan kasuwa dama su gina ɗakunan kwanan ɗalibai a ciki bisa yarjejeniya, ɗakunan Samaru da Gyallesu za su komo hannun magidanta. Sashen koyar da zanen gine-gine na jami'a, da maginan gargajiya na Birni, suna da ilmin da za a inganta ginin ƙasa da shi, ta hanyar tubalin da aka matse da inji aka sa masa siminti kaɗan, domin a rage dogaro ga buhun da farashinsa ke bin dala. Ma'aikatun gwamnati ma suna iya shiga tsakani su lamunce wa ma'aikatansu, a riƙa yankar haya wata-wata daga albashi ana miƙa wa mai gida.

Shi kuma mai neman gida, kafin ya ba dillali ko kwabo, ya kamata ya tambayi maƙwabta yadda rijiya take a watan Afrilu, da yadda lungu yake a watan Agusta, ya kuma lissafa sau nawa zai hau abin hawa kafin ya kai wurin aiki. Idan ya haɗa waɗannan da abin da mai gida ya yanka, sa'an nan ne zai san ko gidan da aka nuna masa mai araha ne ko kuwa mai tsada.